Abin da Na Ƙara a Man Leɓen Amarya

Assalamu alaikum uwar shafi, ke da duk masu karanta saƙonnin nan. Allah ya ba ki ladan ɗaukar damuwar mutane. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, ko harafin farko kada ki bari, domin garinmu ƙarami ne, kuma na tabbata akwai matan unguwarmu a shafin nan, suna karantawa shiru kamar ba sa nan. Ku kuma masu sharhi, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yi mini rubdugu. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, har da wanda ba za ku iya ba. Shawara nake nema.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya, a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen Hajj Abdalla a nan Jazira, ƙasar Sudan. Kakanninmu ne suka taso daga Sakkwato, mu a nan muka buɗe ido. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, akwai wata baiwar Allah da aka ɓata wa suna a garin nan, har ana shirin fitar da ita daga gidan wanta, a kan wani abu da nake zargin ni na aikata shi. Na ce zargi domin har yanzu wani ɓangare na zuciyata yana ce mini ita ma hannunta ba a wanke yake ba. Ku za ku gaya mini ko gaskiya ce ke magana a nan, ko son kai.

Bari in fara da al'adar don ku gane. A wajenmu in an sa ranar biki amarya takan shiga kulle, ba ta fita rana, ana gyara ta, kuma kowace mace da aka yarda da hannunta tana da nata aikin. Akwai mai dilka, akwai mai haɗa humra, akwai mai kula da ramin duhan, wato hayaƙin icen ƙamshi da amarya ke zama a kai an lulluɓe ta da bargo har ta yi sharkaf da gumi. Zafin hayaƙin nan yana gyara jiki amma yana busar da leɓe, ka ga yarinya tana ta lasar baki, shi kuma yana ƙara tsagewa. To gidanmu, tun zamanin kakarmu da muke kira Haboba, mu ke yi wa amare man leɓe. Abu uku ne kacal a ciki, kuma kowa a garin ya san su: kakin zuma da ake kawo mana daga wajen Dinder, man riɗi wanda ake matsewa a turmin da raƙumi ke juyawa, da kitsen rago da aka narka aka tace da ƙyalle. Kakin yana rufe leɓe kada laimarsa ta gudu, man riɗin yana tausasa shi, kitsen yana sa ya kama baki ya daɗe. Ba turare, ba launi. Haboba ta sha ce mini, "Abin da ba ki iya lasa, kar ki sa ma ɗiyar mutane ga baki." Da ta rasu aikin ya dawo hannuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina taƙama da shi. Ban yi boko mai zurfi ba, ba ni da wata sana'a ta a zo a gani, amma babu amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu ba tare da ɗan gwangwanina a ƙarƙashin matashinta ba.

Sai ga wata da zan kira Sakina, ba sunanta ba ne. 'Yar garin nan ce, tare muka yi ɗiban ruwa muna yara, aka aurar da ita Omdurman. Mijin ya rasu, ba su haihu ba, ta dawo gidan wanta. Tun ranar da na je mata gaisuwa na lura fuskarta ta fi yadda ta tafi haske, hannuwan kuma ba su bi fuskar ba. Na ajiye abin a raina. Ba a jima ba ta fara haɗa nata man leɓen, ja, mai sheƙi, mai ƙamshin alawa, tana zubawa a 'yan robobi marasa rubutu. 'Yan mata suka yi mata ca. In ka tambaye ta me ke ciki sai ta yi murmushi ta ce basilin ne da gilisarin da ruwan banjar, jan tushen nan da ake yankawa a salak. Ni kuwa na ce a raina, banjar ɗin me? Wane banjar ne zai mayar da baƙin leɓe ja haka? Mun san abin da ake yi a birni, mun san man bilicin da ake auna wa mata da cokali a ƙulle a leda, ba suna ba kwali. Me zai hana a ɗiga kaɗan a na baki? Ban taɓa ganin ta sa ba, amma na yanke mata hukunci tun a lokacin.

Bana aka sa ranar 'yar yayata, zan kira ta Intisar, yarinyar da na goya a bayana. Ranar da ta shiga kulle na kai mata gwangwanina da murnata, sai na hangi jar robar Sakina a kan taga. Na ce, "Wanga hwa?" Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta kira ni Halti, wato ƙanwar uwa, ta ce, "Malesh, yi haƙuri ya Halti, naki na da kyau wallahi, amma warin rago shikai. In ango ya matso sai shi ɗauka layya anka yi." Ƙawayenta suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni ma na dara, na dungure mata kai na ce ja'ira, amma na fito daga ɗakin nan kunnuwana suna zafi. Warin rago! Abin da uwarta ta shafa, ni na shafa, Haboba ta shafa? Maganar ta ƙi barin kaina, ina shara ina jin ta, ina girki ina jin ta.

Ana cikin haka aka yi ranar dakan turare, ranar da mata ke taruwa a tsakar gidan amarya ana daka sandal da kanumfari da farce, ana guɗa, ana haɗa humrar da za ta tafi da ita. Ni ce mai kula da kwalabe. Da aka tashi na ga ragowar man kanumfari da man sandal a gindinsu, na naɗe a bakin mayafi na taho da su gida. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba ko kaɗan. Washegari da hantsi, mijina yana gona, na narka sabon haɗi, na ɗiga kanumfarin, na ɗiga sandal ɗin, na ƙara da 'yar humra. Sai na tuna na taɓa jin 'yan mata suna cewa girfa, wato kirfa, tana sa leɓe ya yi ja ya ciko, na daka ta lukwi na jiƙa a man na tace. Na ɗan taɓa a bakina na ji yaji-yaji, na ce madalla, aiki yake yi. Na zuba a gwangwani irin na kullum, na je na musanya da na farko ban gaya wa kowa ba. Ta yaya zan faɗa? In ce haɗin Haboba ya gaza, har sai da na yi masa kwalliya don in kamo 'yar Omdurman? Kuma ku sani, ɗakin amarya a kulle komai nasa ƙamshi yake, bango, bargo, har ruwan sha, babu mai lura cewa daga gwangwanin wani ƙamshin ke fitowa. Intisar ma cewa ta yi, "Halti, man naki ya sha duhan har ya shiryu."

Bayan 'yan kwanaki yayata ta aiko a kira ni da gaggawa. Na tarar da yarinya tana kuka, ba ta iya buɗe baki sosai. Leɓunan sun kumbura sun yi jajir, gefe ya tsattsage yana fitar da ruwa, fatar tana saɓulewa, har kewayen bakin ya yi wani jan zobe mai ƙaiƙayi. Mata sun cika ɗaki kowa na faɗin nata, wata ta ce bakin mutane ne, wata ta ce icen duhan ne ba mai kyau ba. Sai ga Sakina ta shigo, labari ya kai mata. Ta durƙusa ta duba bakin yarinyar, ta tambaye ta me da me take shafawa. Intisar ta nuna robar, ta nuna gwangwanin. Sakina ta ɗauki gwangwanina ta buɗe, ta kai hanci, ta daɗe a haka, sannan ta ɗago ta dube ni. Wallahi kallon nan bai wuce ƙiftawar ido ba, amma na ji shi har cikin cikina. Ta rufe ta ajiye. Yayata ta juyo gare ni ta ce, "Ke kin hi mu sanin kan abin ga. Mi kig gani?"

Ku ji abin da na faɗa, domin na maimaita shi a raina ba adadi. Na ce, "Yaya, namu dai kun san shi ba tun yau ba. Na Omdurman ko, ni ban san mi ac ciki ba." Shi ke nan. Ban ce guba ba ce, ban ce bilicin ba ne, amma na san inda na jefa maganar, kuma nan ta faɗa. Sakina ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Allah shi ba ta lahiya," ta fita. Yayata ta miƙo mini robar da yatsu biyu ta ce in jefa a masai. Ban jefa ba. Kuma a wannan lokacin rabin zuciyata ta yarda da gaske cewa nata ne ya yi ɓarnar.

Kun san magana a ƙauye. Kafin la'asar ta zama bilicin, washegari ta zama guba, kafin mako ya zagayo ta zama asiri: wai bazawara ce, ta rasa miji, ba ta son ganin yarinya ta shiga ɗaki da kyanta. Waɗanda suka karɓi nata suka riƙa zubarwa a bainar jama'a. Wata har cewa ta yi ita ma tun da ta shafa take mugun mafarki, alhali duk mun san ta da mugun mafarki tun tana budurwa. Aka daina kiran Sakina shan gahawar hantsi, in ta zo wucewa a yi shiru. Matar wanta, wadda dama zaman bai yi mata daɗi ba, ta samu abin riƙewa. Ni kuwa duk inda na zauna sai a ce ai ni na gano ta tun farko, in sunkuyar da kai, su ɗauka kawaici ne.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, an raba Intisar da jar robar amma bakin bai sauka ba. Ƙaruwa ma yake yi, domin yayata ta ce a ninka shafa na Haboba, shi ne magani. Ina tsaye ina kallo ana lakato shi ana dangwala wa yarinya a kan ciwo, tana runtse ido tana cewa zafi, uwar tana cewa zafin warkewa ne. Ranar kasuwa na ce wa mijina zan je Hajj Abdalla sayen zare. Na ɗauki robar Sakina da ragowar sabon haɗina, na wuce shagon maganin da 'yan garinmu ke zuwa, na shiga wani can ƙarshen kasuwa inda ba a san fuskata ba. Wata matashiya ce a ciki. Na ce mata maƙwabciyata ce ta aiko ni, bakin 'yarta ya kumbura, ga abubuwan da take shafawa.

Ta ce ba ta da na'urar gwaji, hanci da ido kawai gare ta. Ta fara buɗe nawa, ta kai hanci ta janye kai da sauri, ta ce da Larabci, "Ya hajja, wa ya sa girfa da kanumfari a abin da za a shafa wa leɓe?" Na ce oho, maƙwabciya. Ta ba ni kujera ta yi mini bayani a hankali. Ta ce fatar leɓe ba kamar ta hannu ba ce, siririya ce, kuma ba ta fitar da maiƙon kanta, shi ya sa abin da aka sa mata yake shiga da sauri. Kakin zuma da basilin rufewa kawai suke yi, yawancin mutane suna lafiya da su, ko da yake akwai wanda jikinsa ba ya son kayan zuma ko riɗi. Gilisarin yana jawo laima, amma sai an rufe shi da mai yake amfani a busasshiyar ƙasa irin tamu. Abubuwan da ke yaji ko sanyi a baki kuwa, girfa, kanumfari, kafur, na'ana'a, da kowane irin turare, su suka fi ƙona leɓe. Jan da girfa ke kawowa, in ji ta, ba kyau ba ne, ƙuna ce ke farawa. Ga mai zama a kan hayaƙi da leɓe a tsage kuwa abin ya fi muni.

Na ce to na robar fa? Har da matsowa na jingina da teburinta. Ta shinshina, ta murza a yatsa, ta ce ya yi kama da basilin da ɗan launi da ƙamshin da ake sa wa kek. Na ce babu bilicin a ciki? Ta ce wannan kam ba za ta iya rantsewa ba, irin waɗancan mayukan ba lallai su yi wari ba, kuma su a hankali suke sirantar da fata, leɓe ya yi haske, in an daina ya yi duhu fiye da da. Amma kumburi da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki ya fi kama da aikin gwangwanin. Ta ce a daina duka biyun, in bai sauka ba a kai yarinya asibiti, in kuma ana son sani a shafa kowanne a cikin damtse, wuri daban, a bar shi a gani. Zan fita ta ce, "Ki gaya wa maƙwabciyar taki ta bar turare a kwalbarsa." Yadda ta dube ni ta saman tabarau bai yi mini daɗi ba. Har yau ina tunanin ko tana da dangi a garinmu.

Na dawo gida na yi gwajin a jikina. A cikin damtsen hagu na shafa su a jere, tsohon haɗin Haboba, sabon nawa, da na Sakina, na rufe da hannun riga. Ina tuƙa tuwo ina leƙawa, ina wanki ina leƙawa. Wurin na Haboba lafiya lau. Wurin sabon ya fara ɗumi tun kafin azahar, zuwa yamma ya yi ja, washegari ƙananan ƙuraje suka feso, ina sosawa a ɓoye kamar mai ƙazwa. Wurin Sakina kuwa ba abin da ya yi. Na goge na sake shafawa da kauri. Na fita rana na ɗaga hannu ina duba ko fatar ta canza, har na fara ganin kamar ta canza, sai na wanke na ga launin banjar ne kawai. Kun ji irin mutuniyar da na zama? Ina fata a raina abin wata ya cuce ni don in samu in wanke kaina. Amma fa har yanzu ina tambaya, damtse ai ba leɓe ba ne. Wa ya ce robar da ta ba amarya irin wadda take ba sauran ce? Wa ya ce ba ta da haɗi biyu? Ko kuwa haɗuwar nata da nawa ce ta yi aikin?

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ci mini rai. Maimakon in je in faɗa, sai na narka haɗin Haboba na gaskiya, na je gaida amarya, na faki idon mutane na sake musanya gwangwanin. Baki ya fara sauka. Kumburin ya sace, ɓawon ya zube, kafin ranar lalle leɓen yarinya ya dawo sumul. An yi biki lafiya, ta tare. Kun san abin da gari ya ce? Wai gubar 'yar Omdurman ce ta daɗe tana fita, man Haboba ya kore ta. Yayata ta rungume ni a gaban mata tana hawaye tana cewa na ceci ɗiyarta. Ango ya aiko mini da sabon mayafi, na karɓa, yana cikin akwati na kasa yafawa. Warkewar da na yi murna da ita ita ce ta zama shaidar da ta ƙarasa Sakina. Yanzu wanta ya ce ba zai iya da surutu ba, da an gama girbin dawa za a sa ta a mota ta koma wajen dangin mijinta, mutanen da ko gaisuwa ba su aiko mata ba tun da ta fita takaba.

Gwangwanin da na cire na soke shi a rufin rumfarmu da niyyar in jefa shi a ruwa. Da na koma ɗauka babu shi. Mijina ne ya ɗauka? Ko matar ƙaninsa da muke tsakar gida ɗaya, wadda kwanan nan take yawan tambayata me ya sami damtsena? Ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Yanzu duk wadda ta yi mini murmushi sai in ga kamar ta sani.

Shekaranjiya da hantsi ina tankaɗe sai ga sallamar Sakina. Tun ranar ɗakin amarya ba mu haɗa ido ba. Ta rame, hasken fuskar ma ya tafi. Na shimfiɗa mata tabarma ta ce a tsaye ma ya isa. Ta ce, "Ban zo hwaɗa ba. Ranar da nib buɗe gwangwaninki, kanumhwari nij ji da girfa. Haboba ba ta sa su. Ni ma ɗiyar garin ga ta, da man ga anka kai ni ɗaki." Na ce ƙamshin ɗaki ne ya kama shi. Ta ce, "Ƙamshin ɗaki bai yaji ga hanci." Sai na ji bakina ya ce, to me ya hana ki faɗa a lokacin? Ta ce, "Wa za shi yarda da ni? Ke jikar Haboba, ni ko bazawara mai hwarar huska. Huskata kam na shahwa mata mai can birni, mijina na so, kuma na daina. Amma ban taɓa sa shi ga abin bakin ɗiyar kowa ba. Na ɗauka in yarinya ta warke ke da kanki za ki hwaɗi. Na jira ki, wallahi na jira ki."

Na ajiye rariyar. Ta ce, "Na tai wurin Liman. Na roƙe shi a tara matan gari gidanai bayan sallar Juma'a, a kawo Alƙur'ani. Ni zan ɗora hannu in rantse ba komi cikin nawa sai abin da nih hwaɗi. Ke ko ban ce ki wanke ni ba. Ki ɗora naki ki ce abu ukku kaɗai na cikin wanda kib ba Intisar ranar da bakinta yak kumbura. In kin rantse, halas, shi ke nan, ni da kaina zan ɗauki kayana, ba sai an gama girbi ba." Ta juya ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Tun jiya saƙon Liman ya zagaya gidaje. Yayata ta aiko da murna wai in shirya, ita za ta riƙe mini buta in yi alwala, a kunyata maƙaryaciya kowa ya huta. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga, ina ta juya abin. Tarko ne? Gwangwanin yana hannunta, tana jira in rantse ta fito da shi? Ko ba ta da komai sai hancinta da gaskiyarta? Ko ita ce mai taurin zuciyar da za ta iya rantsuwa a kan ƙarya? Ko wanne ne, ba zai canza abin da na zuba a tukunya da hannuna ba. In na faɗi gaskiya, sai na kalli yayata na ce mata ni na ƙona bakin 'yarta, na tsaya ina kallo ana ƙara mata, na karɓi runguma da kyauta. Sunan gidanmu da aka yarda da shi tun kafin a haife ni zai mutu a hannuna, mijina ya ji labari a ƙofar masallaci. In na ƙi zuwa, ƙin zuwan ma magana ce. In kuwa na ɗora hannu, Sakina za ta hau mota ta tafi inda ba mai son ta, ni in zauna da abin da na yi wa Littafin Allah har ranar da za a sa ni a ƙasa.

Yau da safe na yi ƙundumbala na nufi gidan yayata, da niyyar in gaya mata ita kaɗai kafin taron. Ina sa ƙafa a soro ta hango ni, ta ɗaga murya tana dariya, "Maraba da mai ceton ɗiyata!" Sai na ce mata gishiri na zo nema, ta ba ni, na dawo da shi a tafin hannu.

Jama'a, gobe ce Juma'ar. Ku dubi girman Allah ku gaya mini, me zan yi?